Rabin Fim Na Kalla, Na Tashi Raba Auren 'Yata

Edita, ga gaisuwar wani tsoho daga Daura. Suna kam a bar shi, don 'yan majalisarmu suna karanta mujallar nan, ko dai in ce ana karanta masu. Lokacin da abin nan ya faru ni dillalin shanu ne wanda gwiwa ta fara yi wa gardama, sai ranar kasuwa nake leƙa Mai'aduwa. Bokona a aji huɗu ya tsaya, amma a majalisarmu ni ne farfesa. Duk abin da ya shafi Turawa ni ake tambaya, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce ban sani ba. Ina da hujjar da ta fi takardar digiri, don surukina Bature ne.

'Yata ce ta samu karatun aikin jinya a Amurka. Can ta haɗu da shi, fari tas kamar an fere rogo, ya musulunta tun kafin ya san ta. Ya zo har Daura neman aure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ci tuwo da hannu har miyar kuka ta gangaro masa gwiwar hannu. Na bincika ban samu aibu ba, na ba shi. Suka koma, ni kuma na ƙara girman rawani.

Wata rana na kai wayata caji wurin masu tura finafinai a bakin tasha. Mai shagon ya ce yana da wani fim na irin surukina, fassarar Hausa, ya tura mini. Bayan La'asar na kishingiɗa a zaure na kunna. Mai fassara ya fara da rantsuwa cewa labarin nan gaskiya ne, ya faru a Amurka, mutanen ma an san su. A matsayina na masani, sai in ce fim ɗin ba shi da armashi: babu rawa, babu waƙa, babu wanda ya daki wani. Wani Bature ne talaka, mara magana, ya auri baƙar mace 'yar garinsu, suna zamansu lafiya. Ina shirin kashewa sai ga 'yan sanda. Suka tisa ƙeyar mata da miji, ita da ciki, suka rufe ta a bayan kanta. Alƙali ya ce laifinsu ɗaya ne, fari ya auri baƙa, kuma doka ta hana. Matar ba ta yi kuka ba, hannu kawai ta ɗora a kan cikinta. Nan fim ya yanke, waya ta yi baƙi.

Na ga motocin ciki tsofaffi ne, amma na ce ai ƙauyawan Turawa ne, irin akwalar da ke jigilar Daura zuwa Dutsi suke hawa. Ban san cewa labarin zamanin da ne ba. Ban kuma san masu tura fim suna raba shi kashi biyu ba. Abin da na sani kawai, 'yata baƙa ce, mijinta fari, a ƙasar nan suke, kuma uwarta ta riga ta raɗa mini cewa tana da ciki.

Edita, na taɓa tsayawa gaban bijimin da ya tsinke igiya ban ji abin da na ji ba. Waya na yin ƙara sai in ce shi ke nan, an kama ta. Idan na rufe ido a sujada, fuskarta nake gani bayan ƙarafa. Tambaya ɗaya za ta raba ni da wannan azaba, to amma wa farfesa zai tambaya? Ita kanta ban tambaye ta ba, don na tabbata 'yan sandan can suna sauraren waya. Idan ta kira sai in ce yaya malamin nan da kuke aiki tare. Na hana uwarta furta kalmar miji. Tsohuwa ta dube ni ta ce ko dai hawan jinin ne ya hau kai, na ce mata harkar ƙasa da ƙasa ce, ba ta mata ba.

Dabara ta zo mini ta hanyar al'ada. Na aika cewa haihuwar fari a gida ake yi, gaban uwa, a yi wankan jego yadda ya kamata, ba zan lamunci a haifi jikana a hannun baƙi ba. Yaron nan bai yi musu ba. Ya rako ta da kansa, ya koma wurin aiki, da ta sauka lafiya ya dawo suna. An samu namiji, an yanka raguna, kowa na murna. Ni kuwa lissafina daban: ta shigo, ba za ta sake fita ba.

Washegarin suna na kira shi zaure. Turancina na saye da sayarwa ne, Hausarsa ta gaisuwa ce, kuma ban yarda wani bare ya ji sirrin ba. Sai na sa aka kira mai jego, ta zauna bayan labulen ƙofa da jariri a cinya, ta zama tafinta. Na yi gyaran murya na ce ta faɗa masa na gode da riƙon da ya yi mata, amma ina roƙonsa ya sauwaƙe mata. Ba ta fassara ba. Na maimaita. Na ce ta faɗa yadda na faɗa, kada ta rage kada ta ƙara, in dai ni na haife ta. Ta faɗa. Har gobe ina jin muryar nan, a hankali, ba rawa, kamar mai karanta wa wani sakamakon asibiti.

Fuskarsa ta yi ja, ta koma fara fat. Ya tambaya me ya yi, ta fassara. Na ce bai yi komai ba. Ya juya wajen labule ya ce idan ita ce take so, ba zai riƙe ta da ƙarfi ba, ta gaya masa. Maimakon ta amsa masa, sai ta juya mini tambayar da Hausa, tana jiran amsata. A nan tsoro na biyu ya kama ni, wanda ya fi na farko. Na gane cewa in na ƙara kalma ɗaya yarinyar nan za ta bi, shi kuma zai furta, kuma abin da aka furta ya furtu.

Na zayyana masu komai, 'yan sanda, alƙali, mace mai ciki a bayan kanta. Na miƙa masa wayar. Ya kalla kaɗan ya ajiye. Ya ce ya san labarin, zamanin kakanninsa ne. Mutanen nan ba su rabu ba, sun yi ta shari'a har kotun ƙoli, suka yi nasara, aka soke dokar tun ba a haife shi ba. Sauran fim ɗin ke nan. Bai ɓoye mini ba, ya ce har yanzu akwai masu yi masu wani irin kallo a kanti, amma babu mai ikon taɓa su. Na jira a yi mini dariya, da na samu sauƙi. Ba wanda ya yi. Sai 'yata ta yi magana, karon farko da bakinta ba na wani ba. Ta ce Baba, shi alƙalin nan bai san matar ba, ba shi ya yi mata huɗuba a kunne ba. Ta ɗauki ɗanta ta shiga ciki.

Na koma tasha na karɓo kashi na biyu. Fim ne mai kyau, na janye sukar da na yi masa. Bature mara magana da matarsa sun fi ni jarumta, don su tsoro bai sa sun saki juna ba. Na nemi gafarar surukina, ya riƙe hannuna ya ce ya fahimta. Ita ma ta ce ta yafe, amma ba ta cika arba'in ba ta bi mijinta. Auren yana nan, alhamdu lillahi. Da haihuwa ta biyu ta zo, uwarta suka aika wa ta je can.

'Yan uwana tsofaffi masu manyan wayoyi, abin da kuka gani a ciki ku tambayi yaushe ya faru, ku tambaya ko akwai ci gaba. Cewa ban sani ba bai taɓa kashe dattijo ba. Sannan ku ji tsoron biyayyar 'ya'yanku, don wanda ba zai yi maka musu ba shi ne ka fi saurin cutarwa. Tana kirana duk Juma'a, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi gwiwa. Amma tun daga ranar nan, in wani abu ya dame ta, ba ni take gaya wa ba.