Malam Magaji da Tukwanen Inna Hansatu

Shekara talatin ke nan Malam Magaji, haifaffen Wara, shi ke fara buɗe ɗakin gwaji na jami'a kowace safiya. Ya share tebur, ya goge madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sannan ya jera katangar tsofaffin tukwane a hankali kamar mai jera ƙwai. Malamai su rubuta littafi su sa sunansu, shi kuwa ko a jikinsa. Bana zai ajiye aiki, na ce ba zai tafi shiru ba.

A shekara ta uku da samun Jihar Kebbi, ruwan Kainji ya ja sosai, har kufan wani gungu, wato tsibiri, ya leƙo. A nan aka haifi Inna Hansatu kafin ruwan dam ya tashe su, su koma Wara. Ta daɗe tana cewa kakanninta manoman shinkafa ne, jikokinta suna dariya, wai tsufa ne, ban da kamun kifi me ake yi a tsakiyar ruwa? Abin yana yi mata ciwo.

Magaji ya shiga kwalekwale da ita, suka tono fasassun tukwane masu ƙanzo a gindi. Ya yi murna, don ƙanzon nan ne zai faɗi abin da aka dafa. Ya bar mata ajiyarsu, ya tafi Yelwa neman kwali. Kafin ya dawo ruwa ya sake rufe kufan, Inna kuma ta dirje tukwanen da toka, sun yi fes.

"Ɗana, ai abin kunya ne in ba baƙo tukunya da dauɗa," in ji ta.

Waɗanda ke wurin sun ce Magaji ya gode mata, ya ce bai taɓa ganin wanki irin wannan ba.

Kai ne, Magaji, ka ƙi jefar da abin da malamai suka ce ya lalace. Wata biyu kana ɓantarar bakin katangar tukwanen kana leƙawa ta madubi, har ka ga sawun ɓuntun shinkafa a cikin yumɓun kansa. Ashe maginan dā suna cuɗa shi da laka, wurin da toka ba ta kaiwa.

Bai aika takarda ba. Ya ɗauki hotunan ya je Wara da ƙafarsa, ya sa aka tara jikokin. Inna ta duba, ta sake dubawa, ta rangaɗa guɗa.

"To, wa ya tsufa yanzu?" ta tambaye su.

Mun gode, Magaji mai haƙurin tono. Masu tasowa a wannan aiki, ku koya daga gare shi: in kun gano wani abu, ku mayar wa masu shi. Hoton nan yana nan rataye a ɗakin Inna, kullum tana goge shi, amma ta yi alkawarin ba za ta sa masa toka ba.