Ranar da kumbo ya kusa kawo Sallah a Fakuwa

"Ga shi can!" Haka muka kwarma ihu daga kan tudun Fakuwa, hannuwa duk a sama.

Ɗazu na ga wani haske yana tafiya a sama, na kasa zama, sai da na tuno wannan.

Zamanin kuɗin mai ne, muna 'yan ƙungiyar sauraron rediyo. Muka ji cewa kumbo zai gitta bayan Magariba. Na aika wa abokanmu na Kusada saƙo ta hannun direban kasuwa, suka iso kan kekuna. Ba wanda ya tuna daren duban watan Sallah ne.

Ihunmu na tashi, guɗa ta ɓarke a gari, wai an ga wata. Wani ya haye keke zai kai wa hakimi labari Kankia. Muka bar kumbon a sama, muka bi mai keken da gudu don mu tsayar da shi.

Liman ya tare mu ƙofar masallaci.

"Malam Sani, kai da idonka ka ga watan?"

"Allah gafarta Malam, kumbo ne."

Ya dube ni, ya dubi matan da har sun jiƙa shinkafar tuwo.

"To, shiga gida-gida ka gaya masu akwai sahur."

Na shiga kuwa, na sha harara. Kumbon da na yi mako ina jira, ƙiftawar ido na gan shi.

Har yau in na ga haske a sama, hannuna na cikin aljihu. Ku a garinku wa ya taɓa kawo Sallar da ba ta zo ba?