Ɗanyen Icen Mani

A Damari in ka ce Mani sai a tambaye ka wanne, in ka ce Mani Baƙi kowa zai nuna maka gidansa. Fari aka haife shi, gawayi ne ya rina shi. Gadon sana'ar ya yi: a sare ice, a bari ya bushe, a jera a rami, a rufe da ciyawa da ƙasa, wuta ta ci a hankali.

Da can masu guga da masu tsire kawai yake sayar wa. Da man dizal ya yi tsada, gidajen burodi da wata masana'antar narka ƙarfe a birni suka koma gawayi, manyan motoci suka fara shigowa. Ma'aikatan gandun daji da aka sa su hana sarar ice, su ke ɗaga wa direbobi hannu da fara'a. A rediyo kuma ana ta wa'azin hayaƙi yana ɗumama duniya, sai ka ce Mani ne ya gina masana'antar. Ni da nake maƙwabcinsa, wannan abu yana ƙona mini rai.

Itatuwan kusa suka ƙare, masu gawayi suka nutsa daji, yankin 'yan bindiga. Su kuwa sharaɗinsu ɗaya ne: a ƙona, amma kada hayaƙi ya yi sama, don suna tsoron jirgin soja ya hango su. Wanda ya saɓa, a bakin ransa. Busasshen ice ba ya cika hayaƙi, don haka aka zauna lafiya. Har Mani ya jawo ƙanensa Gide, wanda gonarsa ta daina zuwuwa saboda 'yan bindigar, duk da uwarsu Goggo ba ta so.

Ranar da abin ya faru, dillali ya matsa, mota na jira, busasshen ice bai cika ramin ba. Mani ya cusa ɗanyen marke a tsakiya. Gide ya hana shi, Mani ya ce masa in an yi ƙasa da kauri babu abin da zai fita. Washegari da hantsi ƙasar ta tsage, farin hayaƙi ya miƙe har ana hango shi daga titi.

Jirgi bai zo ba, 'yan bindigar ne suka zo a kan babura. Babbansu ya tambayi wanda ya haɗa ramin. Kafin Mani ya buɗe baki Gide ya ce, “Ni na haɗa shi.”

Mani ya ce ƙarya yake, aka sa gindin bindiga aka zubar masa da haƙora. Suka harbe Gide a ƙirji a gabansa. Sannan suka ce ya toshe tsagar da hannunsa, suka taka masa tafukan a kan ƙasar mai zafi har fata ta saɓule. A kafaɗa ya ɗauko gawar zuwa gida. Gawayin kuwa, motar ta zo ta kwashe abinta bayan kwana biyu.

Yatsunsa sun ƙanƙance, ko loma ba ya iya yi. Ni kaɗai ya faɗa wa zancen marken, Goggo ta ɗauka wani mai gawayin ne ya yi gangancin. Ita ke ba shi tuwo a baki, kuma duk sanda ta zauna sai ta ce, “Allah ya isa tsakanina da wanda ya jawo wa Gide wanga abu.”

Mani yakan haɗiye lomar, ya ce amin.