Jan Furen da Kaka Ta Ƙi Karɓa

A gidanmu na Dilimi, idan sanyin Jos ya sauko a watan Janairu, ɗakin Kaka Asabe muke cika, domin kaskon wutarta ya fi na kowa garwashi, bakinta kuma ba ya rabo da tatsuniya.

Wani maraice na shigo ina ƙafafa da jan furen takarda maƙale a rigata. A makaranta aka raba mana, saboda ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Malaminmu ya ce irinsa ne ya tsiro a filin da sojoji suka faɗi a ƙasar Turawa, jan kuwa jininsu ne. Babana ya karɓo wa Kaka nata, yana lallashinta ta je fareti ta zauna cikin matan mamata. Mijinta, kakanmu, ya tafi yaƙin Bama tun zamanin Turawa, bai dawo ba.

Ta juya furen kamar mai duba ruɓaɓɓen tumatir, ta ajiye.

"Da a ƙarshen kaka ake yin ranar nan, bayan yaƙin basasa suka ɗaga ta," in ji ta. "Ranar mutuwa ce ake ɗagawa kamar ta kasuwa? Ku matso, ga wata nan."

Wai wani sarki ne ya tura maharba yaƙar dodo a bayan ruwa. Ba wanda ya komo. Sai fadawa suka bi gida gida da jan fure, suna cewa a kan kabarin mazan aka tsinko. Sarki ya sa ranar da kowa zai taru, a busa ƙaho, a yi tsit. Ana cikin shirun sai matar ɗaya daga cikin maharban ta ɗaga murya: "Wa ya yi masa wanka? Ina aka juya fuskarsa?" Sai kawai aka ƙara busa ƙaho.

"Daga nan fa, Kaka?" na tambaya.

"Daga nan me? Ai har yau busawa suke. Duk wanda ya ba ka fure ya ce ka yi shiru, jikana, akwai abin da ba ya so ka tambaya."

Ba ta je faretin ba, kuma na ji haushinta ƙwarai. Na ɗauka taurin kai ne, ko tana zaton mijinta zai yi sallama wata rana.

Sai da na girma na gane ba ta taɓa sa ran dawowarsa ba. Tsoronta a ce an turbuɗe shi da takalmi, ba wanka ba salla, su kuwa masu kaki sun rufe zancen da fure. Tausayinta ya kama ni a lokacin da ba ya da amfani.

Ranar jana'izarta, da aka idar da salla, babana ya riƙe hannun liman. Ya ce akwai saura mutum ɗaya da ba a yi wa salla ba. Muka sake gyara sahu, gabanmu ba komai sai ƙasa.