Hannun Kawu Bayan An Cire Filasta

Kawuna mai aski ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a bayan kujera ɗaya, gaban madubi mai tsaga a gefe. Shagon ɗan ƙarami ne: benci, fanka mai gunaguni, da gwangwanin hoda da ba wanda ya taɓa ganin ƙarshensa. Injin aski bai dame shi ba, shi dai a bar shi da almakashi da matsefi.

Wata rana ya taka kujerar askin zai canza ƙwan fitila. Kujera kuwa aikinta juyawa, ta juya da shi. Ya faɗo ya dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. A asibiti aka sa masa filasta, sati shida.

Ranar da aka yanke filastar, Kawu ya zura wa hannun ido. Ya motse, fata na saɓa, yatsu sun sandare.

"Likita, wannan ba nawa ba ne. Kun musanya min."

Likitar ta yi dariya. "Naka ne, Baba. Ƙashi ya haɗe sarai. Naman ne ya rame saboda zaman banza. Ka riƙa motsa shi."

Amma a gida ƙauna ta yi yawa. Matarsa ta rataye masa hannun da ɗankwali. 'Yarsa ke ɓalla masa maɓalli. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai ka ji an haɗa baki: "Kar ka taɓa!" Sati uku ana wannan gata, hannu sai ƙara ƙagewa yake. Rannan ya faki ido ya ɗauki almakashi, almakashin ya suɓuce masa ya faɗi. Ya zauna yana kallonsa a ƙasa, don bai san wata sana'a ba, kuma ba ya son sani.

Da suka koma asibiti, likitar ta ga ɗankwalin.

"Wa ya rataye shi?"

"Ni ce," in ji matarsa. "Ai ciwo yake masa in ya motsa."

"Mama, gaɓar da aka hana motsi daskarewa take yi. Ɗan ciwon nan ba na ɓarna ba ne. Ya jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ya matsa soso, ya murɗe tsumma. Kullum."

Suka koma gida. Suna shiga matar Kawu ta dire masa baho.

"To, Malam, ka ji da kunnenka. Ga wanki."

"Tsumma aka ce!"

"Rigunanka ai sun kusa."

Wata guda yana wanki yana mita. Yatsu suka fara lanƙwasa, damtse ya soma cikowa. Ranar da ya buɗe shago, mutane suka cika benci ana ta barka, amma ba mai hawa kujera. Sai tsohon abokinsa direba, mai sanƙo har ƙeya, ya miƙe.

"Fara da ni. Ba abin da za ka ɓata."

Hannun ya ɗan yi rawa a kunnen farko. A na biyu ya nutsu. Wuyan hannun bai lanƙwasa kamar da ba, har yau ma haka yake, sai Kawu ya karkata kan direban da yatsa biyu ya ci gaba abinsa.

Direba ya duba madubi, ya shafa kunnuwansa.

"Duka biyun suna nan. Na gaba!"