Baba Elkana da Ganyen Darbejiya

Shekara goma sha huɗu Baba Elkana ya yi yana gyaran bututun ban-ruwa a gefen titunan Dubai, har gwiwarsa ta hagu ta daina jin magana. Mutumin Ɓilliri ne, ba ya dariya sai da dalili. Duk bishiyar da ke tsakanin Al Warsan da Jebel Ali ya san ta, tunda shi ke shayar da ita.

Na san shi ne a satin da matata Mahfuza ta haihu. Surukata ba ta samu biza ba, sai ta koma ba da umarni ta waya: wankan jego da ganyen darbejiya, kwana arba'in, babu fashi. Ni kuwa, injiniya guda, na fita ina ɗaukar hoton bishiyoyi ina tambayar waya, na dawo da leda cike da ganye ina taƙama. A ƙofar gidanmu na tarar da wani dattijo durƙushe kan bututu. Ya ji ina yi wa surukata albishir da Hausa, ya ɗago.

"Ɗana, wa za ka dafa wa wannan?"

Na faɗa masa. Ya ciri ganye ɗaya, ya murza, ya shinshina.

"Ba ita ba ce. Ganyen darbejiya a lanƙwashe yake kamar lauje, gefensa da haƙora. In kana shakka, tauna. In ba ka tofar ba, ka yi ɓatan kai."

Kunya ta rufe ni, wallahi.

A garin nan ba a tsinkar ganye yadda aka ga dama, don haka masu datse rassa yake bi ya roƙa. Duk bayan kwana biyu sai ya hau bas biyu in ya tashi aiki, ya kawo mana yana ɗingishi. A nan ya gaya mini 'yarsa Pamela da ke can gida na da tsohon ciki, na fari, mahaifiyarta kuma ta rasu. Ya nemi hutu, yana jiran amsa.

"Ko itace ne in faskara mata, in dafa ruwa," in ji shi.

Ran kwana talatin da uku ya zo, ya zauna a matakala bai ko ƙwanƙwasa ba.

"Pamela ta sauka jiya, namiji. Hutu kuma sun ce sai zafi ya wuce, khalas, magana ta ƙare."

Na yi masa barka. "Baba, wa ke yi mata wankan?"

"Maƙwabta, in sun samu sarari." Ya miƙo mini ledar. "Darbejiya uku ce a ƙofar gidana, ni na dasa su. Babu mai tsinko mata."

Ya dafa bango ya miƙe da kyar.

"Ka gaida mai jego. Jibi zan kawo wani."