Takin Awakin Zinariya

Duk wanda ya zauna Gummi wajejen 1980 ya san man gyaɗar Zinariya, ko da bai san fuskarta ba. Ƙuli-ƙulinta kuwa har direbobin hanyar Anka sukan tsaya dominsa. Haifaffiyar Gwashi ce, aure ya kawo ta gari. Da mijinta Tsoho ya rasu, abin da ya bar mata bai wuce huɗu ba: 'yarsu Saudatu, turmi, kaskon suya, da akuya guda mai karyayyen ƙaho. 'Yan'uwa suka ce ta koma ƙauye, ta ce ai a ƙauye kowa na iya matsar mansa, wa zai sayi nata?

Sai ta kama hayar ɗaki biyu a wani gidan Alhaji Namadi, manomin albasa, a bayan kasuwa, naira uku a wata. Ba da ka ta zaɓi gidan ba. Akwai rijiya a ciki, injin niƙa na nan kusa, ga kuma fili a baya inda za ta kafa turke. Harawa da dusa da ɓawon gyaɗa ba sa yanke mata, saboda haka cikin shekara shida akuyar nan ta zama garke na awaki goma sha bakwai. Kullum da safe Saudatu kan share garken, a haɗa da tokar murhu a zuba a kusurwa, har juji ya kusa kai tsayin katanga.

Kowace kaka, idan lokacin dashen albasa ya yi, jakunan Alhaji kan zo su kwashe jujin nan zuwa lambunsa na fadama. Ba wanda ya taɓa kiran abin ciniki. Zinariya murna ma take yi an share mata gida, har takan ba masu jakunan ƙuli su tauna a hanya. Albasar Alhaji kuwa ta yi suna, kowace ɗaya kamar dunƙulen hannu, shi kuma yakan ce sirrin yana ga iri.

A daminar shekara ta bakwai azara ɗaya ta ruɓe a rufin ɗakin ajiya. Zinariya ta tara kwano, ta ƙara tasa, ta ƙara roba, har ɗakin ya koma kamar rumfar 'yan koli. Duk da haka buhu biyu na gyaɗa suka yi fumfuna. Ta yafa gyale ta tafi zauren Alhaji, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Alhaji ya saurara yana jan carbi. Ya ce magina sun yi tsada, azara ta yi tsada, komai ya tashi sai kuɗin hayarsa ne kawai ke kwance. Tunda dai ita ta tuna masa, daga kaka haya ta koma naira biyar, gyara kuwa sai Allah ya kai mu rani.

"Alhaji, ruwa na kawo ƙara, sai kuma a yi mini hwari ga aljihu?" in ji Zinariya.

Ya yi dariya, ya ce in gidan ya yi mata tsada ai gari da faɗi.

Kafin ta iso gida ta gama lissafi. Ƙarin nan zai cinye ribar matsa ɗaya cikin kowace huɗu, ga asarar buhu biyu a kai. In kuwa ta tashi, babu mai ba ta ɗaki da garke a tsakiyar gari. Sai dai ta sayar da awakin, ta koma bayan gari nesa da inji da rijiya, sana'ar ta mutu a tsaye. Maƙwabciyarta Sista Rajina, mai aikin asibiti, ta ce a kai shi kotu, ai ba a ƙara wa mutum haya don ya ce rufi na yoyo. Zinariya ta ce gaskiya ne, amma wanda ka kai gaban alƙali ba ya ƙara ce maka ina kwana, ita kuma tana son gidan da gaisuwar duka.

Wurin Mai unguwa Magaji ta nufa, da tambaya guda. Ba ta ambaci haya ba, ba ta ambaci rufi ba. Ta ce don Allah jujin da ke gidan haya na wane ne? Magaji ya ce wannan ai ba ta da wuya: ƙasa ta mai gida ce, abin da dabba ta zubar kuwa na mai dabba ne. In ba haka ba, don me manomi ke auna wa makiyayi dawa domin shanu su kwana a gonarsa? Ta yi godiya, ta ajiye masa kwalbar mai, ta fita.

Akwai wani Dalhatu, taubashin Alhaji, wanda lambunsa ke jikin na Alhajin. Shekara da shekaru Alhaji na tsokanarsa cewa albasarsa goro ce aka yi wa ganye. Zinariya ta aika Saudatu ta kira shi, ta nuna masa jujin, ta nuna masa rufin. Dalhatu ya dumbuzi takin, ya murza, ya shinshina, ya ce ashe nan irin yake. Suka daidaita: da kaka zai kawo azara da magini, ya kwashe juji.

Da kaka ta yi, Dalhatu ya turo jakuna shida. Akwai gajeriyar hanya zuwa fadama, amma ya sa aka bi ta ƙofar zauren Alhaji. Sawun farko Alhaji ya ɗaga hannu ya yi musu sannu. A sawu na biyu ya lura da toka da ɓawon gyaɗa a bakin mangala, carbin ya tsaya. Dalhatu na biye da jakunan yana tafiyar ƙasaita.

"Ɗan nema, ina ka samo wanga taki?"

"Iri ne, Alhaji," in ji Dalhatu. "Kai ka ce mani sirrin ga iri yake."

Alhaji ya zura takalmi ya nufi gidan haya. Ya tarar da Zinariya na suya, ta tarbe shi da fara'a, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce da izinin wa ake kwashe jujin gidansa? Ta ce ai tun ranar da ya ce komai ya tashi ta duba abin da ita ma ke kwance mata, sai ta ga juji. Naira biyar za ta biya, in Allah ya yarda, amma sai ta sayar da abin da take da shi.

Magana ta koma zauren Mai unguwa. Alhaji ya ce gidansa ne. Magaji ya ce ba wanda ya musa, shi ya sa ma rufin yake wuyansa, don mai haya inuwa ya saya, ba ruwan sama ba. Ya ce kuma bai dace mutum ya zo da kuka a ƙara masa kaya ba, in haka ne kowa zai yi shiru har soro ya faɗo masa. Sannan ya tambayi Alhaji mangala nawa yakan kwasa a shekara. Alhaji ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Zinariya ta ce bara arba'in da biyu ne. Dalhatu ya faɗi kuɗin mangala a bakin Fulani, aka buga, sai ga shi ya zarce ƙarin hayar na shekara guda. Zauren ya ɗauki dariya. Alhaji ya cire hula ya sosa kai, shi ma ya dara.

"To Innar Saudatu, mi kika so?"

"Rufi, Alhaji, da hayata ta da. Juji naka ne kamar kullum. Amma sai na ga magini bisa soro kahin in ga jaki ga ƙofa."

Haka aka yi. Dalhatu ya tsira da mangala goma sha biyun da ya riga ya kwasa, Alhaji ya biya shi kuɗin azarar da ya riga ya sayo, kuma a shekarar nan kunya ɗaya ta lambunsa ta yi albasar da ya riƙa yawo da ita a aljihu yana nuna wa mutane. Alhaji da kansa ya tsaya aka sauya azara, aka yaɓe rufin da makuba, aka sa sabon indararo.

Zinariya ta ƙara shekara tara a gidan. A nan ta aurar da Saudatu, a nan ta sayi nata injin niƙa. Haya ta tashi daga baya kamar ta kowa, amma da shawara, kuma ba a kan yoyo ba. Kowace shekara magini kan hau soro tun ba a aika ba, jakuna su biyo baya, masu jakunan su fita da ƙuli a baki.